Jinkirin Da Ya Hana Ni Zuwa Sallah

Yaya Ɗanlami,

Gaisuwa mai yawa daga Ontario. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Bana ma ba zan zo Sallah ba. Na'urar da na shekara huɗu ina haɗawa, wadda ba ta ɗumama rumfar tumatir sai sanyi ya wuce iyaka, ta kunyata ni. A lissafina saƙonta yana isa nan take. A gona kuwa makara yake yi, ɗumi ya zo a makare, ya ɗauke a makare, har shukar ta yanƙwane.

Farfesa Gauthier ta ce, "Sabi'u, lissafinka ya yi kyau, tumatirin ne bai iya karatu ba." Na ji haushi, amma gaskiyarta. An ƙara mini shekara.

Ka ce wa Inna aiki ne ya riƙe ni. Don Allah kada ka ambaci tumatir.

Ƙaninka,
Sabi'u