Lakabin da Na Tanadar wa Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata take kitsa min.

Ina aiki a ɗan kamfanin ɗan kawuna, Yaya nake ce masa. Manhajar kwamfuta muke rubutawa, a ɗaki ɗaya mai fanka mai kuka. Wani kantin magani ya ba mu aiki, aka ce ni zan tsara fuskar manhajar. Yaya ya ce kowane lakabi, wato ɗan rubutun da ke gefen akwatin da ake cikewa, ya koma ja idan kibiyar linzamin kwamfuta ta hau kansa. Na rubuta abin da zai faru idan kibiya ta shiga, na manta da na fitarta. Ranar gwaji duk inda Yaya ya bi da kibiyar sai wurin ya yi ja ya tsaya, har allon ya koma kamar an yanka kaza a kai. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa min suna Jar Kibiya. Yanzu har mai shara haka take kirana, kuma ya kai sunan gida, ƙannena sun ɗauka.

Na shanye. Na gyara, na ma ƙara da cewa kibiya na tsayawa kan sunan magani sai bayaninsa ya fito. Masu kantin suka yi ta yabo, Yaya ya ce dabararsa ce, ina tsaye a bayansa riƙe da waya.

Na san halinsa: in yana surutu gaban baƙi, kan sunan kamfani yake ajiye kibiya. Na rubuta cewa in ta daɗe a wurin, sunan ya rikiɗe ya koma "Ɓarawon aikin ƙanwarsa". Mako mai zuwa zai nuna manhajar ga masu wani asibiti. Ban saka ba tukuna, amma wallahi ina son ganin fuskarsa. In saka?

Ƙanwarki da aka ƙure

Ƙanwata, kada ki saka.

Haushinki yana kan hanya. Mantuwa da fitar kibiya kuskure ne da kusan duk mai koyo yake yi, bai kai a mai da shi suna ba, kuma cinye yabon aikinki rashin adalci ne. Amma ki tuna shi ya zaunar da ke a teburin nan, kuma wataƙila a ganinsa wasan yaya da ƙanwa yake yi, tunda kin ce shanyewa kika yi.

Ga abin da kika fi ni sani: lakabi kibiya kawai yake gani, bai san hannun wa ke kan linzami ba. Ranar Yaya zai iya ba likita ya gwada, ko zagin ya bi manhajar ya fito wa mai karɓar marasa lafiya. Aikin asibitin zai kuɓuce wa ku duka, kowa kuma ya san wa ya rubuta fuskar. Daga nan wa zai sake yarda ya buɗe manhajarki?

Ki goge shi yau, don abin da aka ajiye yakan shige cikin aiki bisa kuskure. Ki sami Yaya shi kaɗai, ki ce sunan ya ishe ki, kuma kina so ke za ki nuna wa masu asibitin ɓangaren da kika rubuta. In ya ƙi, ki kai maganar gaban Kawu, ki kuma fara neman wani wurin da mutuncinki. Hannu irin naki ba zai rasa tebur ba.

Allah ya huci zuciyarki, ya sa wa aikinki albarka.