Agogonka Yana Aiki Har Yau

Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Da ranka ma ba ka sauraron maganata, balle yanzu.

Mutane da yawa sun ɗauka in ana hango ƙasan ruwa, to ba shi da zurfi. Kai ma haka ka ɗauka. Ka tuna ranar da na dawo daga koyarwa, na tsoma ludayi a bokiti a tsakar gidanmu na unguwar New Bell? Na nuna maka yadda ya yi kamar ya karye. Na ce haske in ya fito daga ruwa ya shiga iska lanƙwashewa yake yi, ido kuwa bai san da haka ba, sai ya ga ƙasan ruwan ya taso kusa. Na roƙe ka ka gwada da hannunka. Ka yi dariya, ka kira ni Madam Farfesa, ka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Wace kima ya sani, Yaya?

Da ƙasa ta shiga matsi aka sallame ku daga ofis a unguwar Bonanjo, ka koma lodin yashi, ban ga laifinka ba. Amma me ya kai agogon hannunka na zuwa ofis ramin yashi? Don kada a manta kai akawu ne? Abokan aikinka sun ce maɗaurinsa ne ya tsinke, ya faɗa ruwan saman da ya kwanta a ramin. Ka hango shi yana ƙyalli, ka ce ruwan iya ƙirji ne, ka shiga. Kai da ba ka iya iyo ba.

An ciro agogon. Inna ta naɗe shi a zane ta tura ƙasan akwati, ba ta son jin motsinsa. Matarka Rabi tana suyar fanke a bakin titi.

Ana ce mini kwana ne ya ƙare. Na yarda. Ina yi maka addu'a, amma ban huce ba. Kuma ina jin haushin kaina da na yi shiru ranar da ka yi mini dariya don kai ne babba.

Jiya na sa 'yarka Hadiza ta jefa tsakuwa a bokiti, ta kimanta zurfin da ido, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko. Ruwa ya wuce inda ta zata har ya jiƙa mata hannun riga. Ita ba ta yi dariya ba.

Abin da na roƙe ka ka gwada ke nan. Bokiti ɗaya, Yaya.

Allah ya jiƙanka.

Ƙanwarka da ka raina,
Asabe