Haƙarƙarin Baba

Yaya Likita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Tarin Baba ya ƙi tafiya, yau sati bakwai. Ranar Litinin aka ɗauki hoton ƙirjinsa a asibitinku. Ya ji labarin kwamfutar nan da ake gwada ku da ita, ya ce shi bai yi wahalar karatun 'yarsa don injin ya duba masa huhu ba. Ke zai ji. Wallahi Yaya, hankalina ba a kwance yake ba.

Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Na samu takardarka, a gaishe da Baba. Hotuna tamanin nake dubawa kullum, lamba kawai suke zuwa da ita, babu suna. Ni in rubuta rahotona, kwamfuta ta rubuta nata, babban likita ya kwatanta. Ƙarshen wata za a yanke ko mu biyu, ni da abokiyar aikina, za a bari a ɗakin hoto ko mutum ɗaya. Amma ina ganin na Baba na gane shi, ga haƙarƙari biyun da ya karya ranar da ya faɗo daga rufin shago. Na daɗe ina kallonsu. Huhunsa fes yake. Ka daina firgita ni, sarkin tsoro!

Yayarka

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. Ka yaga waccan takardar. Kwamfutar ta zagaye wani tabo bayan ƙashin wuyan Baba na dama, bai fi ƙwayar wake ba. Na sake ɗora hoton, yana nan kuwa. Shekara goma sha tara daga saman huhu nake fara dubawa, ban taɓa tsallakewa ba. Ranar nan idona ya tafi kan karayar, na tsaya tuna yadda muka yi ta kuka a ƙofar shagon, na sa hannu na wuce.

Abokiyar aikina ta ce in gyara rahoton shiru kafin a kwatanta. Ban yi ba. Na je na faɗa wa babban likita da bakina, ya rubuta kuskuren a kaina. Aikin ya tafi in zai tafi. Tsoro nake ji, Auta, kuma ba na aikin ba. Ka kawo shi ranar Alhamis da safe a yi masa babban hoto. Don Allah kar ka faɗa masa kuskurena ne.

Yayarka

*

Yaya,

Muna gaisuwa. Ki yi haƙuri, Baba ne ya karɓi takardar, sai da na karanta masa duka. Muna nan tafe Alhamis. Ya ce a bar injin ya duba, ba laifi, amma ke ma sai kin duba. Ya ce wannan karon ki kalle shi kamar ba ki san ko uban waye ba.

Allah ya sa mu ji alheri.

Auta