Ƙullin Yajin da Inna Ba Ta Aiko Ba

Daga admin: Wata 'yar uwa ce ta turo, ta roƙi a sakaya sunanta. A tausasa harshe a kwament.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida admin da mutanen wannan zaure baki ɗaya, ya iyali, ya aiki, ya kuma wannan zamani na rufe baki da hanci. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe tukuna, don na ga yadda ake yi a nan, mutum ya karanta layi biyu ya rubuta "ki yi haƙuri" ya wuce. Haƙuri ina da shi, an kawo mini shi har ɗaki kwano-kwano. Shawara ce na rasa.

Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Talata Mafara, shekara goma sha ɗaya ina koyar da Hausa. Rabin aikin malami koyarwa ne, sauran rabin gane ƙarya. Littafina ya jiƙe, akuya ta ci aikin gida, kakata ta rasu karo na uku, duk na ji, kuma ina taƙama da cewa babu yarinyar da ta taɓa wuce ni da labari. Ku riƙe wannan taƙamar, za mu dawo kanta.

Maigidana malamin gona ne a aikin noman rani na Bakolori, kullum yana bisa mashin tsakanin gonakin shinkafa. Shekara tara da aurenmu, ciki huɗu na yi duk suka zube, na biyar ne ya zauna, shi kuma ya ga babu lokacin da ya fi dacewa da shi sai lokacin korona. Ga shi ina da asma tun ina yarinya. Likita ya ce kada in fita, kada a shigo mini. Aka rufe makarantu, na tashi daga mai tsawata wa yara sittin na koma mai hira da rediyo. Malam shi aikinsa bai tsaya ba, ruwa bai san dokar kulle ba.

Mahaifiyata, Inna, tana zaune a Bakura gidan yayana. Ni kaɗai ce ɗiyarta mace. Shirinmu shi ne in cikin ya kai wata takwas in tafi goyon ciki wurinta, in haihu a gabanta, ita za ta yi mini wankan jego. Tun cikin yana wata huɗu ta fara tara itace a bayan ɗakinta, duk wanda ya taɓa ko tsinke ɗaya sai ya ji labarin kakanninsa. Inna kunnenta ya yi nauyi, waya kuma ba ta yarda da ita ba, tana riƙe ta can nesa kamar za ta cije ta, ko me ka tambaye ta amsar ɗaya ce, "Lafiya lau, lafiya lau." Saboda haka Malam ya zama gidan wayarmu. Duk Talata yakan biya ta Bakura ya taho mini da ƙullin Inna, daddawar da ta yi da hannunta, kuka, busasshiyar kuɓewa, wani lokaci ƙuli-ƙuli, sannan da saƙon baki. Inna ta ce ki rage ruwan sanyi. Inna ta ce kada ki ɗauki tulu.

Wata Alhamis a farkon azumi Malam ya fita tun da safe, ya ce hanyar ruwa ce ta fashe. Sai bayan la'asar ya dawo, bai shigo ba, ya tsaya a banɗakin zaure ya yi wanka, ya jiƙa kayansa a bokiti da omo, sannan ya yi sallama. Na ji daɗi ƙwarai. Har na rubuta a gurup ɗinmu na malamai cewa a zo a ga namiji mai bin ƙa'idar lafiya, wasu mazan sai an yi yaƙi kafin su wanke hannu. Aka yi ta sa mini alamar tafi. Da aka kira magariba na zuba masa kunu da ƙosai ya sha ruwa, ya tambaye ni ko yaron ya motsa yau.

Daga ranar duk na kira Yaya in ce a ba Inna, sai ya ce tana salla. In na sake kira, ta ɗan kishingiɗa. Washegari, tana salla. Har na ce masa lallai azumin bana Inna so take ta zama waliyyiya, ko liman bai kai ta raka'a ba. Ya yi dariya. Wannan dariyar ina jin ta har yau.

Talata ta zo, ƙulli ya zo, da saƙo. Inna ta ce ki riƙa kwanciya ta hagu. Wata Talatar ma ya zo, Inna ta ce itace ya kusa isa, ki kwantar da hankalinki. Na ce ya gaya mata na yi mafarkinta, ya ce zai gaya mata. A Talata ta uku na kwance ƙulli, ƙarƙashin kuka sai ga ƙaramar leda ta dakakken yaji. Kafin in ɗaure ta na fara tari. Jama'a, Inna ba ta taɓa bari a daka barkono a gidanmu ina ciki ba. Maƙwabta ma in za su daka sai sun leƙo sun tambaya ko ina nan. Ta taɓa yin wata guda ba ta gaida wata mata ba a kan haka. Na tambayi Malam, ya ce ƙila ta manta, tsufa ne. Inna takan manta inda ta aje carbinta, amma ba ta manta ƙirjina.

Da ya fita sai na yi abin da nake wa ɗalibai in ina zargi ba ni da hujja, wato in nuna na riga na sani. Na kira matar Yaya, bayan mun gaisa na ce, "Ashe haka Allah ya yi, Anti. Ya haƙuri?"

Sai ta ce, "Wa yag gaya miki?"

Ita ce ta gaya mini, ba ta sani ba. Kwana goma sha tara ke nan da rufe Inna. Zazzaɓi da tari ta yi na kwana biyar, numfashi ya gagara, ba a yi gwaji ba, har yau babu wanda ya san ko korona ce ko ba ita ba. Ranar da hanyar ruwa ta fashe, Malam yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Wankan da na yaba a gurup, ƙasar kabarin uwata yake wankewa. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an naɗe tabarmi, ni ina nan ina aika gaisuwa. Bakura ba Makka ba ce, kafin shinkafa ta nuna mota ta kai ka. Daddawar kuwa ragowar wadda Inna ta bari ce Anti take ɗiba, da ta ga ƙullin ya yi ƙanƙanta sai ta cika da yajinta.

Zan faɗi abin da bai goyi bayana ba, don ban saba ba da maki ga wanda ya ɓoye rabin amsa ba. Ranar da na ji, asma ta tashi, jini ya hau, kwana uku na yi a asibiti. Malam bai matsa daga bakin ƙofa ba. Cikin dai ya tsaya. Bayan Salla na je Bakura na tarar an share ɗakin, itacen nan yana jere yadda ta jera shi. Na kasa zama gidan, na kasa komawa nawa, sai Goggona, ƙanwar mahaifinmu, ta ɗauke ni zuwa Maradun. A nan na haihu, ɗiya mace, lafiyayya. Malam ya sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Shi da kansa ya ɗauko mota ya kwaso itacen daga Bakura ya kawo, ya sauke. Da shi Goggo take dafa mini ruwan wanka safe da yamma.

To kun ga matsalar. Tunda yarinya ta zo da rai, kowa ya ɗauka lissafi ya fita daidai. Duk wadda ta zo barka sai ta ce ai dabara suka yi, Allah ya yi wa Malam albarka. Yaya ya ce haka ake yi tun kaka da kakanni, ba a gaya wa mai ciki mutuwa. Na ce masa na sani, ina koyar da al'ada, har jarrabawa nake shiryawa a kanta. Al'ada ta ce a ce "jiki ya tsananta, ki zo," a kai mutum gida a gaya masa cikin danginsa. Ban ga babin da ya ce a ci gaba da aiko daddawa da sunan mamaci ba. Goggo kuma ta miƙo mini Ummi ta ce, "Ɗiyar ga da ke hannunki, da wace gaskiya za ki musanya ta?"

Abin da ke ci na ba rashin zuwa zaman makoki ba ne kaɗai, ko da yake Inna ta sha gaya mini ni za ta so in tsaya a kan wankanta. Saƙonnin ne. Kwana goma sha tara mijina yana ƙirƙiro maganar uwata yana ba ni, da irin kalmominta, ba ya ko ƙifta ido. Ya iya har ya wuce ni, mai taƙama. Yanzu ban san inda maganarta ta ƙare tasa ta fara ba. Na tambaye shi wanne ne saƙonta na ƙarshe na gaskiya, na ruwan sanyi ko na tulu, ya ce wallahi sun cakuɗe masa.

Da na matsa masa a kan wa ya yanke shawarar ɓoye mini, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna ce. Kwana biyu kafin ta cika ta ce, Malam, in na tafi kada ka bari ta ji sai ta sauka."

Idan gaskiya ne, to mijina wasiyya ya cika, ya ɗauki nauyin da ni ba zan iya ba, kuma ni ce mai laifi da nake juya masa baya. Idan kuma ba gaskiya ba ne, to saƙo ne na huɗu, an ɗora a kan ukun farko. Na auna ta kowane gefe. Inna ba ta taɓa haɗa ido da shi ba saboda kunyar suruki, saƙon Talata ma ta bakin Anti yake bi, yaushe ta kira shi ta yi masa doguwar magana? Sannan Inna ta tsani a ɓoye mata abu. Tana budurwa ruwan dam ɗin Bakolori ya ci garinsu, kaburburan iyayenta suna ƙarƙashinsa, kuma har ta tsufa abin da take maimaitawa shi ne manya sun sani suka yi shiru, sai da aka zo ana kafa alama a gonaki. Mai wannan ciwon za ta sa a yi mini haka? Amma kuma ita ce ta wanke ni sau huɗu da cikin da ya zube. Uwar da ta ga wannan za ta iya cewa komai. Yaya ya ce yana wurin, ya ji da kunnensa, sai dai a aji ba na karɓar shaidar wanda aka kama tare da mai satar amsa. Anti ta ce ita abin da ta ji shi ne Inna tana kiran sunana. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Mutum ɗaya ce za ta raba gardamar, ita kuma tana salla.

Malam ba ya duka, ba ya zagi, shekara tara bai taɓa yi mini gori a kan haihuwa ba. Duk Juma'a yana zuwa Maradun duk da yadda hanyar take, ya zauna a zaure a kai masa Ummi. Ban ce ya sake ni ba, ban ma san ko ina so ba. Abin da na sani shi ne makon jiya ya kira na tambaye shi ya gida, ya ce lafiya lau, ba komai, sai na ga ina ƙirga 'yan uwana da yatsu, wa na ji muryarsa kwanan nan, wa ban ji ba. Sai da na kira mutum biyar kafin in iya ba yarinya nono.

Ranar Juma'a nake cika arba'in. Ya ce zai zo da mota, Goggo ta riga ta fara ɗaure kayana, an kuma ce za a buɗe makarantu. Shin in bi shi in karɓi maganar wasiyyar nan haka nan, don a zauna lafiya, ko da zuciyata ba ta sa hannu ba? Ko in roƙi ƙarin lokaci, alhali na san lokaci ba zai kawo sabuwar shaida ba? Wata ƙawata ta ce in sa ya rantse da Alƙur'ani. Ina tsoron ya ƙi, na fi tsoron ya rantse in ji har yanzu ban yarda ba. Maza na wannan zaure, ku gaya mini tsakani da Allah, da ku ne za ku yi abin da ya yi? Matan da aka taɓa ɓoye wa mutuwa, da wane kunne kuka koma sauraron mazajenku?

Don Allah ku amsa da wuri. Itacen Inna saura na kwana uku.