Rasuwar Dakta Muntaka Yuguda da Roƙo Kan Girbin Gonarsa

Cikin alhini, tare da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Manoman Gero da Gyaɗa ta Makoda ta samu labarin rasuwar ɗanta kuma mashawarcinta, Dakta Muntaka Yuguda, masanin kimiyyar sinadarai, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan gajeriyar jinya, aka kuma yi masa sutura a mahaifarsa kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya waiwayo gida ne a shekarun nan da buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka, har da yawa daga cikinmu suka koma zuba iri a ƙasa tsura suna jiran ikon Allah. Mun ga masu bincike iri-iri kafin shi. Sukan zo da mota, su ɗebi ƙasa a leda, su ɗauki hoto da dagaci, daga nan sai dai mu ji an yi taro a otal an tafa musu. Dakta Muntaka shi ma ya ɗebi ƙasa, amma ya dawo ya zauna a kan tabarma ya gaya wa kowane mai gona abin da tasa ta rasa.

Daga baya ya raba gonar da ya gada yanki-yanki, ya kafa wa kowane yanki turke mai fenti, ya zuba masa nasa haɗin na toka da kashin awaki da sharar gida da ɗan takin zamani. Shi da abokiyar aikinsa, Dakta Sakinatu Badaru, malamar lissafi a jami'ar da yake koyarwa, suka tsara wani lissafi da kwamfuta ke yi: a ba ta yanayin ƙasa, ta faɗi haɗin da ya dace da ita. Daminun baya sun yi daidai da abin da na'urar ta hango. Ta bana ce za ta tabbatar, kuma Allah Ya nufa ya zaga gonar da ƙafarsa kafin ya kwanta jinya, ya ga gero ya fid da kai ya cika, ya koma gida yana murna. Wannan ya sanyaya mana zuciya ƙwarai.

Muna sane da cewa matasan gari sun fara shirin gayyar girbe wa iyalan mamacin gonar, kamar yadda muka tashi muka tarar ana yi, kuma mun yi alfahari da su. Sai dai mun san yadda gayyarmu take: a yanke, a tara wuri guda, a ɗaure, a kai rumbu kafin azahar. Idan aka yi haka a wannan gona, geron wannan yanki ya gauraya da na wancan, to aikin shekaru ya tafi, kuma ba mu san ofishin da zai sake waiwayarsa ba. Saboda haka, da amincewar maiɗakinsa, Hajiya Luba, da yayansa, Alhaji Ja'afaru Yuguda, ƙungiya na roƙon kada a tumɓuke turke ko ɗaya, a ɗaure damin kowane yanki a gindin turkensa, a bar shi nan har Dakta Sakinatu ta auna. Bayan awo, gero na iyali ne, ko zangarniya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Luba da 'ya'yanta, da Alhaji Ja'afaru, da mai girma dagaci, da limamai da ɗaukacin al'ummar Makoda. Allah Ya jiƙansa, Ya sa abin da ya shuka ya zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Gayya ranar Asabar ce da safe. Kowa ya zo da magirbinsa da igiya, da kuma ɗan haƙuri, domin bana za a wuce azahar.

Malam Nababa Kassimu
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Manoman Gero da Gyaɗa ta Makoda