Faifan da Ya Ɗauke Mini Auta

Litinin, 2 ga Satumba

Na koma aiki yau. Zanen gadon otal bai san an yi mutuwa ba, yadda na bar shi haka na tarar da shi, tsibi guda. Na yi ta guga har kafaɗata ta sage. Matan ɗakin wankin sai kallona suke ta wutsiyar ido, duk wadda ta zo wucewa sai ta ce, "Sannu da haƙuri." Wa ya ce musu ina da shi?

Yaya, babbar 'yata, ita ta sayo mini littafin nan, wai in riƙa zuba abin da ke cina tunda na ƙi magana. Ma'aikaciyar jinya ce, komai sai ta nemo masa magani. To ga shi na rubuta. Ɗana Auta ya rasu. Mota ce ta kife da su a hanyar zuwa kallon masu kiɗa. Da a hanyar aiki ne ma da sauƙi. Kiɗa fa.

Alhamis, 5 ga Satumba

Mai Tabarau ya zo. Abokin Auta ne tun suna makaranta, kuma shi ke tuƙi ran nan. Ya fito da karaya a ƙafa, nawa bai fito ba. Tun daga ƙasan bene nake jin ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa a matakala. Na buɗe, ya ce, "Mama, ina wuni."

Na ce, "Ni ba uwarka ba ce. Uwarka tana gida da ɗanta."

Na rufe ƙofa. Malam yana zaune da jarida a hannu, ya ce, "Haba ke kuwa." Iyakar abin da mijina ya iya faɗa ke nan tun da abin ya faru. Haba ke kuwa.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na shiga ɗakin Auta. Rigar aikinsa tana rataye a ƙusa, har yanzu da warin tawadar maɗaba'a. Ban taɓa ta ba.

Faya-fayen suna cikin akwatin katako a ƙarƙashin taga, ga garmahon da ya tsinto a wajen masu tsofaffin kaya ya gyara da kansa. Guda ɗaya ne ba ya cikin akwati. Yana jingine a kan kantar ɗakin, kamar hoton wani babba a dangi. A kwalin an zana mutum ɗauke da ƙofa a ka, yana tafiya cikin ruwa. Ko zanen ma na marasa hankali ne.

Na san shi sarai. Shi ne na farko. Kafin ya shigo gidan nan, Auta yaron kicin ne. Yana yanka mini albasa yana zuba, labarin malamansu, labarin ƙwallo, har sai na ce ya rufa mini baki. Ran nan ya dawo da wannan abu a hammata, wai Mai Tabarau ne ya ba shi. Ya shiga ɗaki ya rufo. Shi ke nan. In na kira shi cin abinci sai ya ce, "Umma, bari ya ƙare." Kuma ba ya ƙarewa. Fuskar faifai guda waƙa guda, har tukunya ta huce.

Furog rok, haka suke ce wa irin kiɗan nan. Na taɓa tambayarsa, waƙar da ba a rawa da ita, ba a amshi, mene ne amfaninta? Ya ce, "Umma, wannan zama ake yi a saurara, kamar labari." Na ce labarin da ba Hausa ba, ba kai ba gindi. Ya yi dariya ya sumbaci goshina. Ja'iri.

Litinin, 9 ga Satumba

Da na fasa faifan nan jiya. Hannuna ne ya ƙi ɗaguwa.

Juma'a, 13 ga Satumba

Yaya ta zo da saƙo, tana ta lanƙwasa shi kamar mai ba yaro magani mai ɗaci. Wai abokan Auta za su taru su saurari faifan nan saboda shi, tunda da shi ya fara. Yini ɗaya kawai, su dawo da shi.

Na ce ba irinsa a kasuwa ne?

"Akwai, Umma, har a waya. Nasa suke so, wanda hannunsa ya taɓa."

"Ki ce wa Mai Tabarau ya zo ya kwashe shi gutsu-gutsu."

Ta ce, "Umma, asali ma fa nasa ne. Aro ya ba Auta."

Na ce, "Ni ma aro na ba shi ɗana. Ya dawo mini da shi?"

Ta ɗauki jakarta ta fita. Na yanke shawara, kafin watan nan ya ƙare zan karya shi a gwiwata in zuba a shara.

Asabar, 14 ga Satumba

Ko ɓarawo ana jin ta bakinsa kafin a ɗaure shi. Da can ba na jin komai sai gunji ta bango, ga famfo na zuba, ga mai na soyuwa. Na ce yau bari in ji abin da ya fi ni.

Garmahon ya yi ƙura, na samu tsumma na goge shi tas, lungu-lungu, kamar yadda nake yi wa komai. Na ɗora faifan na sauke allurar yadda nake ganin yana yi.

Wayyo ni. Ɓeraye! Wallahi muryar ɓeraye, tsiyu-tsiyu, ganguna kuma kamar keken ɗinki ya ƙwace wa tela. Na tsaya ina dariya, dariyar da ba daɗi. Na ce, wannan? Saboda wannan ka bar ni? Sai kunya ta kama ni a madadinsa, ɗana mai hankali ya mutu a kan kukan ɓera. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ran da aka kawo labari.

Malam ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ba haka yake ba."

"Kai me ka sani?"

"Ɗakina ne a jikin nasa. Shekara da shekaru ina jin sa. Ba haka yake ba."

Ya juya ya tafi.

Laraba, 18 ga Satumba

Na ƙone rigar matashin kai a wurin aiki. Shatin dutsen guga ya fito raɗau. Shugabarmu ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta tuna, ta rufe. Gara ta zage ni.

Maganar Malam ce ta tsaya mini a wuya. In ba haka yake ba, to ni na lalata shi da tsummana. Abin dariya, ni da ke shirin fasa shi. Amma fasawa da gangan daban, ɓatawa da jahilci daban. Abin da yaron nan ya yi ta lallaɓawa shekaru, yana riƙe shi ta gefe-gefe kamar ƙwai, na zo da hannun wanki a yini ɗaya.

Lahadi, 22 ga Satumba

Na fito daga wanka na tarar da shi a falona. Mai Tabarau. Kafin in yi magana Malam ya ce, "Ni na kira shi." Yau ya samo wata magana bayan haba ke kuwa.

Suka shiga ɗakin, na bi su don kada ya ɗauki wani abu. Ya duƙa da ƙyar, ƙafar a miƙe. Ko minti bai yi ba ya taɓa wani ɗan maɓalli a gefe, ƙas.

"Mama, ba abin da ya lalace. Gudu kika sa shi. Wajen gogewa ne maɓallin ya gota, na ƙananan faya-faye ne wancan gudun."

"Ban tambaye ka ba."

Ya sauke allura. Na harɗe hannu a bakin ƙofa, niyyata da ya tabbatar ya gyaru in nuna masa hanya.

Sarewa ce ta fara, ita kaɗai, can ƙasa-ƙasa. Ta daɗe. Sai fiyano ya biyo ta a hankali kamar mai tsoron tada barci. Na ce a raina, to ku yi ku gama mana. Sai ganguna suka shigo, kuma ba daidai suke tafiya ba, ɗingishi suke, su yi taku su yi taku sai su tsallake ɗaya.

Na san kiɗan nan.

Shi Auta ke bugawa da yatsu a kan tebur, a murfin tukunya, a bayana in ina wanke-wanke. Sau nawa na buge masa hannu na ce ko kiɗa bai iya ba, kullum sai ya ɓata a wuri ɗaya. Ashe ba ɓatawa yake ba. Haka abin yake.

Na tafi kicin na kunna famfo. Da na leƙo, ya cire tabarau, kansa a ƙasa, gaban rigarsa a jiƙe. Malam a tsaye yana kallon taga. Da fuskar faifan ta ƙare ya ɗaga murya ya ce, "Mama, in juya?"

Na ce, "Tashi ka tafi."

Ya ce maganar aron fa?

"Ba inda zai je."

Talata, 24 ga Satumba

Yaya ta ce zuciyata ta zama dutse. Ita ta sani. Ba ita ta haife shi ba.

Lahadi, 29 ga Satumba

Wata ya kusa ƙarewa, ban karya faifan ba. Rashin lokaci ne, aiki ya yi yawa.

Na gaya wa Yaya faifai ba zai taka ƙofar gidan nan ba. In sun matsu su zo nan. A cire takalmi, ba sigari, kuma kada wanda ya zauna mini a gadonsa.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Sun zo bayan azahar. Maza huɗu da wata yarinya mai askakken kai. Suka gaishe ni, na amsa a ciki. Ko ruwa ban ba su ba, Malam ne ya yi ta kai-kawo da kofuna kamar sabuwar amarya.

Na zata za su yi maganar Auta. Ina! Suka jeru a ƙasa, aka sa faifai, kowa ya yi tsit. Wani ya rufe ido, wani yana kaɗa kai kamar ƙadangare. Na ce wane irin rashin tarbiyya ne wannan, ku zo gidan mutuwa ku ƙi ko ambaton mamaci? Na zauna a kujera a bakin ƙofa ina harararsu. Da aka zo wurin ɗingishin nan sai na ga yatsunsu duka suna bugawa a gwiwa, har yarinyar. A wuri ɗaya suke tsallakewa. Na kau da kai.

Aka juya ɗaya fuskar, na tashi na bar musu.

Bayan an gama ne bakinsu ya buɗe. Na dawo kwashe kofuna. Kowa yana faɗin faifan da ya fara kama shi. Mai Tabarau ya ce da ya ba Auta wannan, washegari ya tare shi a ƙofar aji, ido ja don rashin barci, ya ce, "Kai, ba zan dawo maka da shi ba. Ka je ka kai ƙara." Suka fashe da dariya. Muryar Auta sak ya kwaikwaya, mugun. Saura kaɗan kofi ya suɓuce mini.

Yarinyar ta ce, "Mama, ke fa, wace waƙa ce taki?"

Na ce, "Ni ba ni da waƙa. Ɗa nake da shi."

Ban yi nadama ba. To, kaɗan. Yarinyar ba ta yi mini komai ba.

Mai Tabarau ne na ƙarshe wajen fita, saboda ɗaura takalmi yana ba shi wuya. Bai ɗago ba ya ce, "Na san ba ki son ganina, Mama. Ni ma ba na son ganin kaina."

Na dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa har rawa yake.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na kai teburin guga ɗakin Auta. Haske ya fi kyau a can, shi ke nan dalili.

Shirun ɗakin ya yi yawa, sai na sa ɗaya fuskar, wadda ban tsaya ji ba. Ta fi ta farko hayaniya, jita sai kururuwa kamar an taka mata wutsiya. Akwai wani wuri dai a tsakiya da komai ke lafawa, mawaƙin ya yi waƙa shi kaɗai. Ban san me yake cewa ba, amma wanda ya rasa wani ne, ko rantsuwa na yi ba kaffara. Daga nan suka fara hawa, suna hawa, na ajiye dutsen guga ina jiran inda za su sauka, sai ɗif. Allura ta ɗaga.

Na duba maɓallin, yana inda ya bar shi. Na sake sawa. Ɗif, a wuri ɗaya. Marasa mutunci.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na sa Yaya ta tambayi Mai Tabarau ko faifan ne ya samu matsala a ƙarshe. Ta kira ni tana ƙunshe dariya, ina jin ta. Wai lafiyarsa ƙalau, haka suka yi shi. Ci gaban yana faifan da suka fitar bayansa, daga inda wannan ya yanke can ya ɗauka. Na Auta yana wurinsa, shi ma aro ya karɓa.

Na ce ta gaya masa ya kawo mana kayanmu ranar Lahadi.

"Umma, ya ajiye ya tafi ne?"

Na ce ya za a yi ya ajiye ya tafi, in na sake gota wani abu fa? Ya zauna har ya ƙare.

Ba yafe masa na yi ba, kada ta je ta faɗa masa wani abu. Ni dai tun ina yarinya ba na son aikin da aka bari a rabi. In ya tarar da abinci ya ci. Dama da yawa nake dafawa, hannuna bai saba da rage mudu ba tukuna.