Farfesa Zai Nuna Kaset Ɗin Innata a Gaban Jama'a

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Mai kula da zaure, ka taimaka ka sakaya sunana. Daga kafen intanet nake rubuto wannan raina a jagule, don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar wani ƙauye ce a bakin kanal ɗin ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure, babanmu noman rani yake yi, tumatir da albasa. Yanzu ina digiri na biyu a fannin halayyar yara, kuma mai duba aikina wani babban Farfesa ne, rabin malaman sashenmu ɗalibansa ne, har Turai ake gayyatarsa lacca. Abin da ya ɗaga shi bincike ne da ya yi a ƙauyukanmu tun yana ƙaramin malami, kan yadda uwa ke renon ɗanta. Gidanmu na cikin gidajen da ya shiga da kyamara, lokacin ina rarrafe. Har yau Inna tana alfahari da shi, kowace kakar tumatir sai ta sa an kai masa kwando guda. Shi ya taimaka na samu gurbin karatu, wannan ba zan ɓoye ba.

To watan jiya a aji ya saka mana kaset ɗin. Ga tsakar gidanmu, ga Inna tana yanka tumatir za ta shanya, ga ni na rarrafo na kama zaninta ina kuka, ita kuwa ta kawar da kai ko kallona ba ta yi ba, sai kakata ce ta zo ta ɗauke ni. Ya tsayar da kaset, ya ce wai wannan shi ne misalin uwar da aiki ya cinye, ba ta da shaƙuwa da 'yarta. Ɗalibai suka duƙufa suna rubutawa. 

Jama'a, ni ce fa 'yar fari! Wace mace ce a garinmu za ta rungumi 'yar farinta a gaban surukarta, ga baƙon namiji a tsaye? Har gobe Inna ba ta faɗin sunana, yarinyar nan take cewa. Amma matar nan ce da na yi ƙyanda ta goya ni ta bi gefen kanal a ƙafa har asibitin Kura.

Da Bature ne da na yi masa uzuri. Farfesa Bahaushe ne. Na same shi a ofis na yi masa bayani cikin ladabi, bai ma musa ba, dariya ya yi. Ya ce ya san kunyar ɗan fari sarai, amma mutanen waje da ya aika wa aikin ba za su gane ba, kuma yanzu an riga an rubuta littattafai a kai, ba a tayar da tsohon zance. Daga nan sai ya tambaye ni ina na kai a babi na uku na aikina. Tun ranar ko gaishe shi na yi sai in ji ƙyamar bakina.

Yanzu zai yi ritaya, ɗalibansa sun shirya taron karrama shi. Za a nuna kaset ɗin a babban allo, ni kuma in tashi in yi jawabi a matsayin yarinyar da ta zama wani abu duk da rashin kulawar uwa. Har ya aika a gayyato Inna. Ta kai atamfa ɗinki, ta gaya wa matan unguwa za a nuna ta a majigi. Ba ta jin Turanci, za ta zauna a layin gaba tana murmushi ana yi da ita.

Ƙanena ya ce in yi shiru in karɓi digirina, ai Inna ba za ta gane komai ba, har muka yi cacar baki na ce masa ba shi da kishin uwa. Amma gaskiya in na buɗe baki a taron, Farfesa ne zai sa hannu a aikina, kuma duk wanda za a kawo a madadinsa yaronsa ne. In kuma na hana Inna zuwa, dole in gaya mata dalili, da wane baki?

Jiya na je gida ta fito da ɗinkin. Kamar kullum ba ta dube ni ba, ƙanena ta kalla ta ce, "Tambayi yarinyar nan ko ɗankwalin ya yi, kada in ba ta kunya a gaban malamanta."

Don Allah 'yan uwa, me zan yi?